Littafin aikin mayar da tsohuwar Martini Cadet bindigar farautar zomaye

17 ga Fabrairu, 2024

Takardar izinin mallaka ta fito daga ofishin 'yan sandan jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya a farkon mako, kuma yau na je shagon dillali na ɗauko bindigar a kan dalar Ostireliya 380. Martini Cadet ce ƙirar kamfanin BSA na Barmingam, mai cin harsashi ɗaya, lamba .310, wato girman harsashin da take ci. A saman gidan ƙarfenta akwai hoton kangaru, a gefe kuma an rubuta sunan Tarayyar Ostireliya. Irin waɗannan bindigogi gwamnati ta saya daga Ingila domin koya wa yara 'yan makaranta harbi, musamman da aka wajabta horon soja ga samari a 1911, shi ya sa aka yi su ƙanana marasa nauyi, daidai kafaɗar ɗan shekara goma sha huɗu. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sayar da su da araha, mutanen karkara suka yi ta sauya musu bututu suna farautar zomo da yanyawa da su.

A shagon akwai guda biyu. Ɗayar lafiyayya ce, katakonta na asali, da hatimin jiha a jikin ƙotarta, ana neman dala 750. Ban taɓa ta ba, domin a ganina wanda ya sa zarto a jikin irin wannan ya yi ɓarna, ko da kuɗinsa ya saya. Wadda na ɗauka an riga an cuce ta tun da daɗewa: an guntule katakon gaba, an huda ramuka biyu a karkace a saman bututun, ƙotar ta tsage a wuya an liƙe da gam, cikin bututun kuma tsatsa ta cinye shi har layukan da ke juya harsashi sun kusa shafewa. Gidan ƙarfen ne kaɗai ya tsira, shi kuwa nake so.

Ta kwana a akwatin ƙarfe mai makulli da ke ɗaure da bango, kamar yadda doka ta tanada.

24 ga Fabrairu

Na wargaza ta a gareji. Abin da ya burge ni shi ne tsarin Francotte da aka yi mata: ƙusa ɗaya ake zarewa, sai kunama da toshen da ke rufe bayan harsashi da hannun da ake ja daga ƙasa su fito gaba ɗaya a haɗe, kamar an zaro aljihun tebur. Tsohon maiko ya daskare a ciki ya yi baƙi kamar kwalta. Na jiƙa kayan a kananzir kwana biyu, na bi su da tsohon buroshin haƙori, sai ga ƙarfe fari tas, babu tsaga babu lauje.

Dogon sukurun da ya ratsa ƙota ya riƙe ta da gidan ƙarfe ya ƙi motsi. Na zuba masa man sassauta tsatsa na bar shi.

2 ga Maris

Sukurun ya kwance.

9 ga Maris

Na kai ta wurin maƙerin bindiga mai lasisi, wani dattijo da ke aiki shi kaɗai a bayan gidansa, tafiyar awa ɗaya daga garin Jilong. Tun farko na yanke wa kaina cewa duk abin da ya shafi bututu da mazaunin harsashi da allurar da ke dukansa ba aikina ba ne. Kuskure a katako asarar kuɗi ce, kuskure a can kuwa ido ko hannu ake rasawa.

Mun daɗe a kan wace lamba za a sa. Barin ta a .310 ba shi da amfani gare ni, domin harsashinta mai nauyi ne, kusan giram 8, mai tafiyar hawainiya, yana faɗuwa da wuri, ga shi ba a samunsa a kowane shago. Ya kawo maganar .222 mai baki, wadda aka ƙirƙiro a ƙasar nan musamman domin irin wannan bindiga, amma kwansonta sai an yi cigiya. Na zaɓi .22 Hornet. Tun 1930 kamfanin Winchester ya fara sayar da ita, harsashinta bai kai giram 3 ba, yana fita da gudun mita 800 da ɗoriya a daƙiƙa, ƙararta ba ta firgita tumaki a makwabta, kuma kwansonta yana da baki a gindi, wanda shi ne abin da ƙugiyar Martini take kamawa ta cillo shi waje. Dattijon ya ce allurar asali ta yi kauri ga matsin wannan harsashi, sai ya rage ta ya kuma tsuke raminta. Zai sa sabon bututu mai tsawon inci 22, ya dasa mazaunin madubin hange a kan bututun, tunda saman gidan ƙarfen Martini a buɗe yake, ta nan ake zura harsashi.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, cewa kada injin goge ƙarfe ya kusanci kangarun nan. Ya ce ya ga da yawa da aka goge musu shi har ya ɓace, kuma shi ma ba ya so. Aikin duka dala 950, na ba da rabi. Shi zai sanar da hukuma sauyin lambar. Ya ce in ba shi wata uku.

23 ga Maris

Azumi ya sa aiki ya ragu. Na sayo katako, guntu biyu daga gungume ɗaya, na ƙota da na gaba, dala 140. An saba yin ƙotar bindiga da katakon bishiyar gyaɗar Turai, wato walnut, amma na zaɓi baƙin itacen Tasmaniya, wanda dangin bagaruwa ne, launinsa kamar zuma mai duhu da jijiyoyi masu walƙiya idan haske ya buge su. Mai sayarwa ya ce ya shekara shida a rumfa yana bushewa. Bindigar da ta yi wa ƙasar nan hidima ta cancanci itacen ƙasar.

13 ga Afrilu

Na yi asarar katakon ƙota, kuma laifina ne.

Ƙotar Martini ba kamar ta sauran bindigogi ba ce, wadda ƙarfe ke kwanciya a cikinta. Rami ake hudawa tun daga gindi har wuya, dogon sukuru ya bi ta ciki ya janyo ta ta manne da gidan ƙarfe. Saboda haka ramin ake fara yi tun katakon yana da kusurwa huɗu, sannan a sassaƙa siffar a kewaye da shi. Na san wannan, na kuma karanta cewa a huda daga ɓangarori biyu su haɗu a tsakiya. Abin da na raina shi ne yadda dogon bakin huda yake bin jijiyar itace ya bar layin da aka zana masa. Na matse katakon a tebur, na riƙe na'urar huda da hannu, na sa ɗana ya tsaya a gefe yana duba min ko ta miƙe. Santimita goma sha biyar na farko lafiya. Daga nan na ji sautin ya sauya, ƙurar da ke fitowa ta fara ɗumi da ƙauri, maimakon in tsaya in zaro in share sai na ƙara dannawa, domin ina so in gama kafin la'asar. Yaron ya ce, "Baba, ga shi nan yana kumburowa ta gefe." Kafin in saki maɓalli bakin ƙarfen ya ɓullo ta kuncin katakon, daidai wurin da jijiyar ta fi kyau.

Na auna daga baya, ya kauce da kusan milimita 14. Na yi tunanin toshe ramin da wani guntun itace in sake hudawa, amma toshin zai faɗo a wuyan ƙota, wurin da ya fi ko'ina rauni, inda tsohuwar ma ta tsage. Na ajiye shi, zai yi amfani wajen gwaji.

27 ga Afrilu

Sabon katako dala 160, bai kai na farko kyau ba, amma jijiyarsa ta bi wuya a miƙe, wanda shi ya fi muhimmanci. Wannan karon na kai wa wani kafinta mai injin juya katako. A wurinsa katakon ne ke juyawa, bakin huda yana tsaye, shi ya sa ba ya kaucewa. Minti ashirin, dala 60. Na ɗaga shi sama na hango hasken taga ta cikinsa, zagayayye cif.

4 ga Mayu

Na zana siffa daga tsohuwar ƙota, na ƙara mata tsawon santimita 4, domin ta yara ce, ni kuma hannuna dogo ne. Na kuma ɗaga wurin ɗora kunci, tunda da madubi zan yi saiti ba da ƙarfen asali ba. Na yanke da zarto, na shiga da magagari.

Da dare hannayena biyu har gwiwa suka yi ja suna ƙaiƙayi, hanci yana zuba, ƙirji ya ɗan toshe. Likita ya tambayi abin da nake taɓawa, da na ambaci itacen ya ce sananne ne, ƙurarsa tana tayar wa wasu mutane da borin fata da na numfashi. Ya ba ni man shafawa. Daga yau ba na aiki sai da takunkumi mai matata da riga mai dogon hannu, ƙofar gareji a buɗe, kuma na hana yara shiga sai na share.

11 da 18 ga Mayu

Magagari kawai. Na bar kauri a ko'ina, musamman a wuya, har ƙarfen ya dawo.

1 ga Yuni

Maƙerin ya kira ranar Alhamis, na karɓo ta jiya. Bututun fari ne sol, ba a rina shi ba. Ya gwada ta da harsashi biyar a gabana, kowane kwanso ya fito sumul, babu kumburi a gindinsa. Kangarun yana nan yadda na bar shi.

Yau na fara haɗa ƙota da ƙarfe, wanda shi ne aikin da na fi jin daɗinsa cikin duk abin da na yi. Bayan gidan ƙarfen yana da kwarmi, kan ƙotar kuma dole ya shige ciki ya zauna daram ta kowane gefe. Hanyar tsohuwa ce: na kunna kyandir, na riƙe ƙarfen a kan harshen wutar har ya yi baƙi da hayaƙi, na tura katakon, na ɗan buga gindinsa da tafin hannu, na zaro. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ne ya yi tudu. Sai in kankare wurin da ɗan cizil, abin da ke fita bai fi ɓawon albasa kauri ba, in sake shafa hayaƙi in sake turawa. Da farko ɗigo uku ne kawai suka fito. Na ƙirga zuwa sau arba'in da wani abu na daina ƙirgawa. Wajen magariba baƙin ya zagaye kan katakon gaba ɗaya kamar an sa masa kwalli, na ɗaure sukurun, na nemi wurin da takarda za ta shiga tsakanin itace da ƙarfe ban samu ba.

Muhimmancin wannan ya wuce kyan gani. Idan gefe ɗaya ne kaɗai ya taɓa, duk bugun da bindiga ta yi a nan zai taru, kuma a nan katakon zai tsage wata rana.

22 ga Yuni

Babbar Sallah da baƙi sun ci mako biyu. Na gama katakon gaba, siriri, na ɗan lanƙwasa bakinsa. Na sassaƙe ƙotar ta sauko daidai da ƙarfe. Madubin hange na hannu mai ninka huɗu, dala 220. Farantin gindi da ƙugiyoyin rataya, dala 45. Sai da na sa zobba masu ɗan tsayi, domin da gajeru babban yatsa ba ya samun hanyar tura harsashi a ƙarƙashin madubin.

6 ga Yuli

Gwaji na farko a filin harbin ƙungiyarmu, kafin rini da mai, domin idan akwai gyara a yi shi yanzu. Sanyi mai tsanani, iska kaɗan. A mita 50 na daidaita madubin, na koma mita 100.

Sakamakon bai yi daɗi ba. Harsashi na farko da na biyu sun kusa haɗuwa, na uku ya hau sama, na huɗu ya ƙara hawa, na biyar ya fi su duka, suka jeru a tsaye tsawon kusan santimita 9. Na bar bututun ya huce na sake, abu ɗaya. Kan zomo bai fi wannan girma ba, saboda haka bindigar da ke haka ba ta da amfani a wurina, raunata dabba kawai za ta yi. Na fara zargin madubin tunda na hannu ne. Wani dattijo a teburin kusa, wanda ya ce ya yi shekaru da irin wannan bindiga, ya ce in cire katakon gaba in harba ba tare da shi ba, in ɗora gidan ƙarfen a kan jakar yashi. Biyar suka taru a wuri ɗaya.

Ashe ƙoƙarin da na yi na ganin katakon gaba ya manne ko'ina shi ya jawo. Bayansa yana dannar fuskar gidan ƙarfe, bakinsa yana tokare bututu, da ƙarfe ya ɗumama ya ɗan miƙe sai katakon ya tura shi sama. Abin da ya zama daidai a ƙota ya zama kuskure a gaba. A gida na kankare bayansa har takarda ɗaya ta wuce, na buɗe kwarmin ta yadda bututun ba ya taɓa itace sai a wurin sukuru.

13 ga Yuli

Na koma filin. Biyar cikin milimita 35, ba sa hawa. Na wargaza ta domin rini.

20 ga Yuli

Rinin tsatsa na zaɓa, irin na da. Ana shafa wa ƙarfe wani ruwan magani siriri, a bar shi a wuri mai laima ya yi jar tsatsa mai laushi, a tafasa shi a ruwa, jar ta koma baƙa, a goge ƙurar da soson ƙarfe mai taushi, a maimaita har launin ya kama. Kayan duka dala 85, har da guntun indararo da na toshe bakinsa biyu ya zama tukunyar tafasa bututu. Gidan ƙarfen da hannu na goge shi, samfefa a naɗe a katako mai faɗi domin kada kusurwoyi su dakushe, kewayen kangarun da rubutun kuwa soso kawai na bi da shi. Na toshe bakin bututu biyu da katako.

Zagaye biyu na farko sun lalace. Sanyin gareji ya hana tsatsar fitowa, awa goma sha biyu ƙarfen yana kallona. Na yi akwati da kwali, na sa kwan fitila da kwanon ruwan ɗumi a ciki, cikin awa uku ta fito. Amma da na tafasa sai launin ya fito dabbare-dabbare, ga kuma shatin yatsa guda ɗaya sarai a gefen hagu. Dalili biyu na gano. Na yi amfani da ruwan famfo saboda ina ganin na garinmu mai kyau ne, sannan soson ƙarfen da ake sayarwa yana zuwa da ɗan mai a jikinsa domin kada ya yi tsatsa a shago, ni kuma ban wanke shi ba. Yatsan kuwa na cire safar hannu ne na amsa waya. Na goge komai ya koma fari.

3 ga Agusta

Da tataccen ruwa, da soso wankakke, da safar hannu da ba na cirewa. Zagaye bakwai cikin kwana tara, ɗaya kowane dare bayan isha'i idan na samu hali. A na huɗu launin ya daina zama toka-toka ya fara zurfi. Bayan na bakwai na jiƙa shi da mai na rataye kwana biyu. Baƙi ne mai ɗan shuɗi, ba ya ƙyalli, kuma kangarun ya fi fitowa yanzu fiye da ranar da na saye ta.

10 zuwa 24 ga Agusta

Katako. Samfefa daga mai kaushi zuwa lamba 400, ina jiƙa shi da ɗan ruwa tsakani domin gashin itacen ya tashi in kwantar. Sai man linsid, ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har ya yi ɗumi, a goge abin da ya rage, a bar shi kwana biyu. Shafa shida zuwa yanzu. Tsumman man ba na tara su, domin suna iya kamawa da wuta da kansu, a bokitin ruwa nake jefa su. Mai da samfefa da tarkace, dala 70.

Na sayi kayan zanen riƙo, waɗanda ake tsaga ƙananan layuka masu gilma juna a wuya domin kada hannu ya zame, dala 110. Na gwada a katakon da na ɓata a Afrilu, sau uku, kuma duk sau ukun layukan suna buɗewa kafin su kai ƙarshe. Ba zan sa su a ƙotar nan bana ba.

31 ga Agusta

Na haɗa ta. A mita 100, biyar cikin milimita 28, sau biyu a jere, da harsashin shago. Jimillar abin da na kashe dala 2,220, ban da kuɗin izini da harsashi da man mota. Da wannan kuɗi da na sayi sabuwa mai cin harsashi biyar har da canji, na sani tun kafin in fara.

14 ga Satumba

Gonar wani makiyayin tumaki a yamma da garin Winchelsi, wanda ya ba ni izini a rubuce. Ba nisa daga nan ne Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gidan gonarsa ta Barwon Park a 1859, waɗanda zuriyarsu ta mamaye nahiyar, har aka saki cutar miksomatosis a 1950 domin rage su, suka ragu suka sake dawowa. A gefen rafin gonar ƙasa duk ta zama ramuka, ciyawa an cinye ta har saiwa. Kafin in fito da bindiga na tambaye shi ko ya zuba guba a bana, domin manoma suna sa wa zomaye guba a karas ko hatsi, kuma ni ci zan yi. Ya ce bai zuba ba, makwabcinsa ma haka.

Bindigar ba ta da makullin kunama, saboda haka a buɗe nake tafiya da ita, harsashi a aljihu, sai na zauna na ga abin harbi da tudun ƙasa a bayansa nake zurawa. Na zauna a gindin wani turaren itace tun ƙarfe biyar. Na farko ya fito a kusan mita 70, ya tsaya yana motsa kunne. Na yi bisimilla na saita kai, ya faɗi a wurin. Na biyu ya juya daidai lokacin da na taɓa kunama, harsashin ya same shi a kafaɗa, na iske shi da sauran rai na yanka, amma rabin gabansa ya lalace. Hornet ta fi ƙarfin jikin zomo, ko kai ko a haƙura. Na bar uku sun wuce saboda ba su tsaya yadda nake so ba, na samu na uku dab da faɗuwar rana. Na feɗe su a wurin, hantarsu duka lafiya, babu farin tabo.

Abu biyu na lura da su. Ƙugiyar ratayar gaba tana kusa da hannu har tana gogar yatsa, zan matsar da ita santimita 3. Kunamar kuma ta yi nauyi, ina jin hakan ya taimaka wajen kuskuren na biyu, zan mayar wa maƙerin ya duba ta ranar Asabar mai zuwa. Makiyayin ya ce yanyawa ta ɗauke masa 'yan raguna biyu a makon nan, ya nemi in dawo da asuba idan an gama gyaran. Man katako saura shafa huɗu, ɗaya a kowane mako.